Lado Indiya da Ruwan Farko

A Unguwar Marke, wani ƙauye da ke bayan Nasarawan Doya a ƙasar Makarfi, idan ka tambayi gidan Malam Abdulwahabu sai mutane su yi ta kallon juna. Amma ka ce Lado Indiya, ko yarinyar da aka aika niƙa za ta nuna maka da baki. Mutumin bai taɓa taka Indiya ba. Iyakar tafiyarsa Kano ce, ita ma ta'aziyya ce ta kai shi, bai kwana ba. Duk da haka, fiye da rabin rayuwarsa shi ne ƙofar da labarin Indiya ke shigowa ƙauyen ta cikinta, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa inda ya samo.

Abin ya faro ne yana saurayi. Ya bi motar rake zuwa Zariya yana ɗan lodi, ruwa ya tsuge, ya faɗa wani gidan sinima don ya fake. Da ya fito, motar ta daɗe da komawa ba shi, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ga mutum ɗaya ya doke arba'in bai ko zubar da hularsa ba, ya ga mace ta yi kuka a cikin ruwan sama har sai da shi ma ya share ido da gefen riga. Da ya dawo gida mahaifinsa ya yi masa faɗa, faɗan ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Shekara ba ta zagayo ba ya sayar da maraƙin da kakarsa ta ba shi, ya sayo talabijin da bidiyo da wani janareta mai tari, ya kafa rumfar zana a bakin hanya, ya jera benci.

Gaskiya ɗaya ce, Lado bai ji Indiyanci ba. In an matsa masa zai iya kawo kalma goma, biyar daga ciki ma sunayen mutane ne. Amma wa ya damu? Sai ya tsaya a gefen talabijin da karan dawa a hannu, yana nuna fuskar mai magana yana zuba fassara. Jaruma za ta yi dogon zance tana hawaye, sai Lado ya ce, "Cewa take yi ya fita bai bar cefane ba, kuma ba yau ya fara ba." Maza su sunkuyar da kai. Tsoho mai rawani zai daka tsawa, Lado ya ce, "Ya ce gonar nan ba ta rabuwa sai bayan ransa." Nan take kowa ya gane, don babu gidan da ba a taɓa yin wannan maganar ba. Ba na jin masu fim ɗin sun fi shi iya labari.

Inda ya fi ƙwarewa shi ne wurin allolinsu. Duk sanda fim ya shiga ɗakin bauta, aka nuno gumaka da fitilu da furanni, sai 'yan kallo su hau a'uziyya, shi ma ya taya su, don Lado mutum ne na sahun farko, ba ya wasa da salla. Daga nan sai ya gyara tsayuwa.

"Kun san sakatariyar ƙaramar hukuma?" in ji shi. "To haka abin yake a wurinsu. Kowane yana da ofishinsa. Wannan mai kan giwa shi ke bakin ƙofa, ba mai shiga sai ya gaishe shi. Matar nan mai hannu huɗu ita ce ma'aji, shi ya sa aka ƙara mata hannu. Mai shuɗin jiki da sarewa kuwa sashen dabbobi yake. Ba mai shiga aikin wani. In ka kai kukan kuɗi ofishin ruwa, ka yi asara."

"To ciyaman fa?" wani ya tambaya.

"Kai ma dai. Ka taɓa jin inda aka je ofis aka samu ciyaman a zaune?"

Wata rana kaset ya naɗe a cikin bidiyo ana tsakiyar kallo, daidai inda ake nuna wani babban kogi. Lado yana tsoron kada mutane su tashi, sai ya soma cika lokaci da baki, hannunsa na warware kaset da biro. Ya ce mai ofishin ruwa mace ce, kuma ba ta yafiya. Duk rijiyar da Ba'indiye ya haƙa, da sunanta ake haƙa ta, wanda kuwa ya fara sha daga ciki ya zama nata: cikinsa zai juya, ya tsiyaye, ya bushe ya koma kamar karan da ke hannunsa. A take ya ƙirƙiro maganar. Ta yi daɗi, aka nemi ya maimaita, ya yi ta maimaitawa shekara da shekaru, har ya kusa manta cewa daga kansa ta fito.

Sai waya ta shigo. Yara suka soma zuwa Makarfi ana tura musu fim da fassararsa a ciki, kowa ya kwanta a ɗakinsa yana kallo. Bencin Lado ya koma na awaki. Ya rufe rumfa ya koma gonar rake, yana dafa mazarƙwaila da rani kamar kowa. Abin da ya rage masa na sarauta shi ne majalisar gindin marke, wurin teburin shayin Yahuza. Yahuza taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, mutum ne da Allah ya yi shi don ya hana Lado sakat.

A duk tsawon wannan zamani akwai matarsa Zulai, kuma akwai rafi. Ƙauyen a kan dutse yake zaune. Rijiyoyinsa suna ƙafewa tun kafin bazara ta kankama, sai mata su nufi rafi, tafiyar da in ka fita da hantsi sai rana ta take kake dawowa. Da 'ya'yansu mata suna gida ana raba aikin. Aka aurar da Rahama a Hunkuyi, aka kai Ni'ima Kurmin Kogi, mazan suka tafi Kaduna neman abinci, sai aikin ya faɗo kan Zulai ita kaɗai, ga gwiwoyi sun soma ƙara in za ta miƙe. Lado yakan ɗauko jarka a keke wata rana, in ya tuna. Ba ya yawan tunawa, kuma wannan ba zan kare shi a kai ba. Mutumin da ke zubar da hawaye don baƙuwar mace ta yi kuka a talabijin, tasa matar na wucewa ta gabansa da tulu yana ba da labari.

Ranar da ta faɗi a hanyar rafi, tulun ya fashe, aka kawo ta gida a bayan mashin, ranar ce kunya ta kama shi. Shi ya sa da ƙungiyar 'yan ƙauyen mazauna Kaduna ta ce za ta haƙa bohol amma ana gardamar fili, Lado ya miƙe ya ce ga ƙofar gidansa nan, kyauta, har da bishiyar zogalen da ke wurin. Bai ce don Zulai ba ne. Kowa dai ya sani.

Motar haƙa ta iso da zafin bazara, wata ƙatuwa, da wata a bayanta ɗauke da bututu. Da ƙofa ta buɗe sai ga Ba'indiye ya diro, baƙi siriri mai gashin baki, da ɗan farin toka a goshi. Ƙauyen gaba ɗaya ya juya ya kalli Lado. Ran da ya yi shekaru yana jira, kuma yana tsoro, ta zo. Ya gyara hula, ya matsa gaba, ya haɗa tafukan hannu a ƙirji, ya zazzage kalmominsa goma gaba ɗaya ba numfashi.

Baƙon ya saurare shi har ƙarshe cikin ladabi. Sannan ya ce, "Sannu Baba, ina wuni? Yaya zafi? Wane ne mai unguwa a nan?"

Hausa ce tsaf, ta Kano ma. Ashe mutumin ya daɗe a ƙasar nan yana haƙa rijiyoyi, kuma daga can kudancin Indiya ya fito, inda yarensu daban yake da na fim. Sunansa Selbam, amma ma'aikatansa sun daɗe da mayar da shi Salman, shi ma yana amsawa. Yahuza ya yi dariya har sai da ya dafa tebur. Lado bai ko girgiza ba. Ya ce wa jama'a, "Ai na faɗa muku yarensu ya fi ɗari. Wannan na ƙauye ne."

Da safe kafin a tayar da inji, Salman ya ɗauko wani ɗan hoto daga gaban mota, mai kan giwa ne a ciki, ya jingina shi a jikin injin. Ya kunna turaren tsinke, ya shafa jan gari a bakin ƙarfen haƙa, ya sa lemon tsami a ƙarƙashin taya. Ya rufe ido yana motsa baki, sannan ya ɗaga kwakwa ya maka ta a dutse ta tarwatse. Direbansa Hamisu, wani Bakano mai tabon salla, ya koma gefe yana danna waya, alamar ya saba gani. Mutanen Unguwar Marke kuwa ba su saba ba. Suka ja da baya, suna kallon ruwan kwakwar yana nutsewa a ƙasar da za su sha daga cikinta.

"To ga shi nan," in ji Yahuza da ƙarfi. "An kai takarda ofis. Lado, ba kai ka ce wanda ya fara sha ya zama nata ba? Wa za mu bayar?"

Lado ya buɗe baki, sai inji ya tashi da ruri ya cece shi.

Aka yi ta haƙa, ƙarfe na shiga, farar ƙura na fita. Zogalen ya yi fari, kajin Zulai suka yi fari, Lado da ke tsaye kullum a wurin ya koma kamar wanda aka tono. Ruwa kam ko ɗigo. Da ramin ya kai inda ya kai Salman ya kashe inji ya girgiza kai. A majalisa kuwa an riga an gano dalili, da ilimin da Lado ya koyar: mutumin nan ofishin mai gadi ya kai kuka, alhali maganar ta ofishin ruwa ce. Wasu suka ce alhamdu lillahi, Allah ne ya tsare su, a sallami motar tun ba a ja wa gari bala'i ba. Mai unguwa ya ce kafin a yanke hukunci Lado ya je ya ji ta bakin baƙon, tunda shi ne masanin abin.

Ya same shi da azahar a inuwar mota yana cin shinkafa da wani romo mai ruwan ɗorawa, ba nama. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar mutanen gida da ba a san su ba. Lado ya tsuguna, ya rage murya.

"Oga Salman, ni Musulmi ne, ba ruwana da harkarku, Allah ya sani. Amma shawara ce. Ina ganin ka yi kuskuren ofis. Wannan mai kan giwa ai bakin ƙofa yake. Ba matar nan ta kogi ya kamata ka nema ba?"

Salman ya ajiye cokali. Ya dube shi, ya ga da gaske yake, sai dariya ta ƙwace masa har ya ƙware. Da ya sha ruwa ya ce, "Baba Lado, na yi aiki a garuruwa da yawa. An ce mini kafiri, an ce mini matsafi. Yau ne farko da aka gyara mini addinina."

"Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba."

"Haka ne. To bari in gaya maka yadda aka koya mini. Mu a wurinmu, in ka bi abin har ƙarshe, Ɗaya ne. Muna ce masa Brahman. Ba namiji ba ne, ba mace ba, ba shi da kama, ba inda babu shi."

Lado ya nuna hoton da ke gaban mota da haɓa. "To wannan fa? Da sauran 'yan'uwansa?"

"Ka ga ruwan da ke ƙarƙashin garin nan? Ɗaya ne. In na same shi zan ɗora tanki in jawo famfo da yawa. Ba za a yi wata ba sai wata mata ta ce na gefen hagu ya fi daɗi, har ta yi faɗa a kai. To haka muke. Zuciyar mutum ƙarama ce, tana son fuskar da za ta kalla, da sunan da za ta kira. Wani ya kira Shiba, wani Bishnu, wata ta kira Uwa. Ni wannan na saba da shi, Ganesha, shi muke kira in za a fara aiki don a kawar da cikas."

"Bai kawar da dutsen ba."

"Dutsen na Makarfi ne, Baba, yana da taurin kai." Ya yi murmushi. "Amma kada ka ɗauka duk Indiya haka za su faɗa maka. Uwata in ka ce mata nata famfo ne kawai, da muciya za ta bi ka. A wurinta shi ne tankin, shi ne ruwan. Ƙanena kuwa ba ya zuwa ko'ina, sai ranar biki don abinci."

Lado ya juya maganar a ransa. Bai taɓa tsammanin haka ba. Ya ce, "Mu dai ba a yi wa Allah hoto, kuma ba famfo tsakaninmu da Shi. Kai tsaye muke roƙo."

"Na sani. Hamisu yana gaya mini kusan kullum. In lokacin salla ya yi ina kashe masa inji, in na kunna turare shi kuma yana matsawa gefe. Har yau ba wanda ya ja wani."

"Kwakwar fa? Ba rijiyar ka ba su ba?"

"Rijiya taku ce, me zan bayar? Kwakwa kan mutum ce mai tauri, sai ka fasa girman kai kafin ka taɓa aiki. Roƙona ɗaya ne, kada ƙarfen nan ya cire wa wani hannu."

Nan Lado ya kawo abin da ya fi damunsa. Ya ce an ce wanda ya fara shan ruwan rijiyar Ba'indiye ya zama na matar kogi, cikinsa zai juya ya bushe.

"Wa ya faɗa?"

"Wani mutum ne. Ya daɗe da faɗa."

Salman mutum ne mai kara, ba ya son ƙaryata wanda bai sani ba. Ya ce, "Ni dai ban taɓa ji ba. Amma Indiya da girma, ƙila a wani ƙauyen ne." Wannan karar ita ta cuci Lado. Da ya ce ƙarya ce kawai, da an huta. Sai ya tashi da ƙila a cikin ransa.

Ya koma majalisa ya ba da rahoto. Ya ce ashe ofisoshin nan duk taga ce kawai, mai ofis ɗaya ne, haka mutumin ya ce, kuma kwakwa ba ta shafi rijiya ba. Ya ƙara da cewa mutumin kirki ne, sai dai a yi masa addu'ar shiriya. Yahuza ya bari ya gama.

"Ikon Allah. Tun muna samari kake ce mana ofis-ofis ne. Yau da rijiya ta zo ƙofar gidanka sai fassara ta sauya?"

Da ba don Liman Safiyanu ba da motar ta tafi. Liman ya ce ruwa na Allah ne, ba na mai haƙa ba. In launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba, mai tsarki ne, a sha a yi alwala, ko wa ya fasa dutsen. Abin da baƙo ya yi tsakaninsa da addininsa ne, su kuma su yi nasu. Ya jagoranci addu'a a wurin, aka shafa, Salman ya matsar da mota gaba kaɗan ya sake kafa ƙarfe.

A wannan ramin aka dace. Ana cikin ƙura sai ta soma yin nauyi, ta koma laka, sai ga ruwa ya yi tsiri sama ya zubo a kan kowa. Aka yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gidaje. Sannan kowa ya tsaya inda yake. Ruwa na malala ta ƙofar gidan Lado, gari guda na tsaye da ƙishirwa, babu wanda ya miƙa hannu.

"Allah gafarta Malam," in ji Yahuza, "tunda ka ce mai tsarki ne, bisimilla."

Liman ya yi gyaran murya. "Yau Alhamis, ina azumi."

Mai unguwa ya ce likita ya hana shi ruwan sanyi. Sai ga Zulai ta fito daga zaure tana ɗingishi, da moɗa a hannu, ba ta kalli kowa ba. Ta sunkuya da ƙyar ta tara. Lado ya ga moɗar na tafiya bakinta, sai ƙilar nan ta Salman ta faɗo masa a rai. Ya san ba a taɓa yi ba. To amma in a wani ƙauyen ana yi fa? Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ba don kansa ba. Ya yi tsalle irin wanda bai yi ba tun yana ɗan lodi, ya fizge moɗar.

"Ke, kawo nan. Maigida ke fara sha."

Ya yi bisimilla ya kafa kai. Daga saman mota Salman yana ɗaga hannu yana ihu, amma rurin inji ya danne muryarsa, jama'a suka ɗauka murna yake yi. Lado ya shanye tas, ya sake tarawa ya ƙara don Yahuza ya gani. Sai da aka kashe inji Salman ya ja shi gefe. Ya ce ruwan farko ba a shansa, cike yake da garin dutse da kumfar da ake zuba wa ƙarfe, sai an bar shi ya zuba ya washe. Ya ɗauko wasu ƙwayoyi da garin gishiri da sukari daga mota ya danƙa masa, ya ce zai buƙace su.

Kafin magariba cikin Lado ya juya, daidai yadda ya yi ta faɗa.

Ya san mutanensa. In aka ji yana gudawa, ko Salman ya yi bayani da harshe bakwai ba mai saurara. Za a ce matar kogi ta karɓi nata, a toshe ramin, Zulai ta koma rafi. Shi ya gina labarin, ya san ƙarfinsa. Don haka da gari ya waye ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya shafa turare, ya je gindin marke ya zauna a inda kowa zai gan shi.

Gari kuwa ya zo kallo. Masu zuwa gona suka fasa. Kowa ya zo sai ya gaishe shi ya leƙa fuskarsa.

"Malam Lado, an tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ban taɓa jin ƙarfi irin na yau ba."

Gumi na bin bayansa. Can sai ya miƙe a hankali ya ɗauki buta. "Bari in sabunta alwala." Ya tafi da takun dattako har ya sha kwana, daga nan kuma Allah kaɗai ya san irin gudun da ya yi. Ya dawo ya zauna. Ba a jima ba ya sake ɗaukar buta. Wani tsoho ya ce ma sha Allah, ruwan nan da albarka yake, dubi yadda ya ƙara wa Lado son ibada.

Yahuza bai gamsu ba. Ya haɗa shayi mai kauri, ya zuba madara har ta yi yawa, ya sayo ƙosai mai zafi da yaji ya ajiye a gabansa. "Ci, ɗan'uwa. Mai lafiya ai ba ya ƙin ƙosai." Lado ya dube shi, ya dubi ƙosan, a ransa ya yafe wa duniya. Ya cinye, ya shanye, har ya ce yajin bai ji ba. A masallacin Juma'a ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya bar sahun farko, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce yana son iska.

Haka ya yi ta yi har ruwan ya washe. Zulai ce ke dama masa gishiri da sukari a ɓoye, tana dafa masa ganyen gwaba, in maƙwabta suka tambayi dalilin zirga-zirgarsa ta ce ai tsufa ne. Ya rame, idanunsa suka faɗa, amma bai faɗi a gaban kowa ba. Ranar da Salman zai tafi ya tari ruwan a kofi a gaban jama'a ya sha, Hamisu ya sha, Liman ya sha tunda ba Alhamis ba ce. Yahuza ya zo da manyan jarkoki biyu, yana cewa shi dama tun farko bai yarda da camfi ba. Salman ya riƙe hannun Lado ya daɗe bai saki ba. Lado ya ce Allah ya shirye shi, ya kai shi gida lafiya. Salman ya ce amin ga duka biyun, ya hau mota.

Washegari da hantsi Lado na kwance a tabarma a tsakar gida, ƙafafunsa ba ƙarfi. Daga waje ana jin ƙarar bokitai, da muryar wasu mata biyu suna gardama a kan layi. Zulai ta cika randa tun da sassafe, don ruwan taku kaɗan ne daga ƙofa. Ta share gida, ta ba kaji dusa, sai ta tsaya tsakiyar gida ta rasa abin yi, don ba ta taɓa ganin wannan lokacin a cikin gidanta ba. Ta zo ta zauna kusa da shi, ta zame ɗankwali tana shan iska.

A tsakiyar kanta akwai wani fili da ba gashi, faɗinsa kamar tafin hannu. Lado ya ɗaga kai yana kallo.

"Zulai, me ya same ki a nan?"

"Wurin gammo ne, Malam. Ai ya daɗe."

Ta kamo hannunsa ta ɗora a wurin. Fatar ta yi kanta, ta yi tauri kamar diddige. Shekarun aurensu duka yana gidan nan, bai taɓa lura ba. Baƙin ciki da kunya suka rufe shi. Ya bar hannunsa a wurin.

"An ce in an daina ɗora kaya yakan fito," in ji ta. "Ko bai fito ba ma, ba komai."